Na Mayar Da Rayuwar Ƙanena Littafi, Yanzu Ko Gaisuwata Ba Ya Amsawa

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce 'yar shekara 22, ina rubuta littattafai a Wattpad da zaurukan WhatsApp. Shekara biyu da suka wuce ƙaddara ta faɗa wa ƙanena shi da wata yarinya 'yar unguwarmu, lokacin yana shekara 17, yana aji biyu na babbar sakandare. Bayan ta haihu da wata uku iyayenta suka aiko mana da jaririyar, ita kuma suka kai ta wani gari wajen dangi. Ƙanena ya bar makaranta ya koma gyaran waya. Shi ke sayen madara, shi ke kwana da yarinyar duk lokacin da ciwon Umma ya tashi. Abin ya tsaya mini a rai, sai na fara littafi don matasa a kan yaro irinsa. Na canja sunaye, amma sauran duk yadda ya faru na rubuta. Na saki babi 12 kyauta, mutum 140 suka biya naira 500 don su samu ci gaba. Sai wata ta gane, magana ta zaga unguwa. Yanzu ƙanena ko gaisuwata ba ya amsawa, Umma kullum kuka, Baba bai ji ba tukuna. Wasu masu karatu na cewa ina tallata alfasha, wasu na cewa littafin ya sa su hawaye, in ci gaba. Wallahi ban yi don in tona masa asiri ba, so na yi a ga irin wahalar da ya sha. In daina ne ko in ƙarasa?

Wata 'yar'uwa daga Kano

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yarda ba da mugun nufi kika yi ba. Wadda ke son tozarta ƙanenta ba za ta zauna ta rubuta yadda yake tashi cikin dare yana haɗa madara ba. Sai dai tambayoyi biyu ne kika haɗe wuri ɗaya. Ko ya dace a rubuta wa matasa littafi a kan yaron da ya zama uba yana ɗan shekara 17, yana renon 'yarsa babu uwarta? Ƙwarai kuwa, ana ma buƙatarsa. Ko wannan littafin da kika fara zai ci gaba a yadda yake? A'a, sai dai ki dakatar da shi, kuma yau.

Canja suna ba ya ɓoye mutum a unguwarsu. Jama'a ba da suna suke gane labari ba. Yaro ɗan aji biyu da ya koma gyaran waya, jaririyar da aka aiko tana wata uku, uwa mai fama da ciwo: duk wanda ya san gidanku, a babi na farko zai ɗago ku. Kuma labarin ba naki ba ne ke kaɗai. Ƙanenki ya shafe shekara biyu yana ƙoƙarin a manta, ya fara ɗaga kai a majalisa, sai ga abin ya dawo sabo, daga hannun yayarsa kuma, ana biyan ɗari biyar a karanta. Wannan kuɗin, ko ba ki lura ba, shi zai fi yi masa ciwo. Akwai uwar yarinyar, wadda ba a tambaye ta ba, wadda mai yiwuwa a garin da take ana maganar aurenta, rubutunki ya bi ta can ya rusa. Sannan ita 'yar, wadda ta fi kowa rashin laifi. Yau shekararta biyu. Nan da shekara goma za ta riƙe waya, littattafan intanet kuwa ba sa ɓacewa, ana haɗa su kundi guda ana ta turawa. Magana zarar bunu ce, ta rubuce kuma ta fi ta baka wuyar mayarwa.

Kada kasancewar abin gaskiya ne ya ruɗe ki. Manzon Allah (SAW) ya bayyana giba da ambaton ɗan'uwanka da abin da yake ƙi, ya kuma ce idan abin yana tare da shi to ka yi gibarsa. Ta fuskar hukuma ma akwai abin lura: tun shekarar 2000 Kano ke aiki da dokar laifuka ta shari'ar Musulunci, kuma rubutun da ke nuni ga sanannun mutane da irin wannan laifi ba abin wasa ba ne. Iyayen uwar yarinyar suna iya kai ƙarar ɓata suna Hisba ko kotu, a janyo ƙanenki cikin abin da ya riga ya lafa.

To ga abin yi, ki fara da wayarki a daren nan. A Wattpad ki janye babin duka su koma daftari, ba sai kin goge ba. A WhatsApp damar goge saƙo ga kowa ba ta wuce kamar kwana biyu, kuma ko masu kula da zaurukan ba su da damar da ta wuce haka, don haka a kan tsofaffin babi sai ki bi su ɗaya bayan ɗaya ki roƙe su su nemi jama'a kowa ya goge a wayarsa, su kuma hana sake turawa. Ki bincika YouTube da sunan littafin, domin masu karanta littattafai da murya sukan ɗauka ba tare da sallama ba. Idan kin samu, ki fara yi musu magana da lalama. In sun ƙi, YouTube na da fom na ƙorafin haƙƙin mallaka, kuma a dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 rubutu naki ne tun ranar da kika rubuta shi, ba sai kin yi rajista ba. Ba za ki iya kwashe komai ba, amma za ki rage yawo sosai.

Kuɗin mutum 140, naira 70,000 ke nan, amana ce a wuyanki. Ki ba kowa zaɓi: a mayar masa da kuɗinsa, ko a rubuta sunansa ya samu littafinki na gaba kyauta. Ki ajiye jerin sunayen da shaidar duk wanda kika mayar wa. Sanarwar ta zama layi biyu: kin janye littafin domin ki sake gina shi, ga yadda za a karɓi kuɗi. Kada ki ce "saboda matsalar gida", wannan ai tabbatarwa ce ga masu zargi. Kada kuma ki rantse cewa ƙirƙira ce zalla, tunda ba haka ba ne. Wanda ya biyo ki da tambaya ki ce kin gama magana.

Sai bayan kin yi waɗannan za ki je wajen ƙanenki, domin ki je masa da aiki a hannu, ba da alƙawari ba. Ba ta saƙon waya ba, ba a shagonsa gaban abokai ba. Ki same shi shi kaɗai ki ce: na ɗauki sirrinka na baza ba da izininka ba, na cuce ka, na janye, ga shaida, ka yafe mini. Ki tsaya a nan. Da zarar kin ƙara da "amma ai don a tausaya maka na yi", kin ɓata duka, domin abin da zai ji shi ne har yanzu kina ganin kina da gaskiya. Yana iya yin shiru, yana iya faɗa miki maganar da za ta ƙona ki. Ki shanye. Idan ya ƙi sauraronki, ki nemi wanda yake jin nauyinsa, kawu ko baffa mai riƙe sirri, ya shiga tsakani. Kada ki sa masa ranar da zai huce.

Ita Umma, kukanta ba na littafin kaɗai ba ne, tsohon gyambo aka fama mata, ga tsoron ranar da Baba zai ji. Wannan tsoron kuma yana kan hanya. Gara ya ji a cikin gida da ya ji a ƙofar masallaci bayan sallar magariba. Ku shawarta ke da ita, a cikin kwana biyu zuwa uku a sanar da shi, ke da bakinki idan za ki iya, ko ta bakin wani babba da yake saurara. A faɗa masa abin da ya faru tare da abin da aka riga aka gyara. Idan ya ce ki ajiye rubutu na wani lokaci, ki ajiye. Wata uku ko shida ba za su kashe miki baiwa ba.

Masu cewa kina tallata alfasha, ban goyi bayansu a kan jigon ba. Littafin da ya nuna yaro ya rasa makaranta, ya rasa barci, abokai sun watse, ba talla yake yi ba. Amma akwai iyaka guda da ba a tsallakawa: taurarinki yara ne, don haka abin da ya shiga tsakaninsu ba ya hawa shafi, ko da a kaikaice. Littafin ya fara bayan an riga an yi, ranar da jaririya ta iso. Idan kina da niyyar bugawa a takarda a Kano, ki sani Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i, wadda aka kafa a 2001, tana duba littattafai ma, kuma marubuta ba su manta da ƙona littattafan Hausa da aka yi a 2007 ba. Su kuma masu cewa ki ci gaba, na gode musu da suka nuna miki alƙalaminki na taɓa zuciya, sai dai ba su ne za su kwana a gidanku ba.

Yanzu batun sabon littafin, domin ba na so ki yar da shi. Abin da za ki ɗauka daga gida shi ne abin da kika fahimta: gajiya, kunya, soyayyar da ke shiga mutum ba shiri. Abin da za ki bari shi ne yadda abubuwa suka faru. Ki sauya ƙashin bayan labarin, ba fatarsa ba. Kina da hanyoyi. Yaron na iya zama ɗan ƙauye da aka yi wa auren wuri, matar ta rasu wajen haihuwa sanadin jijjiga ko zubar jini, ya shigo birni da jariri. Yana iya zama wanda harin 'yan bindiga ya raba da garinsu, ya tsira da ɗan yayansa a hannu, ya zama uba ba tare da ya haifa ba. Ko ki riƙe jigon haihuwa ba aure, ki canja gari, sana'a, jinsin jaririn, shekarun da yadda aka kawo shi. Ni dai ta farko ko ta biyu nake ba ki shawara a yanzu. Ta uku, ko me kika canja, mutanen unguwarku za su ce shi ne, don haka ba ta yiwuwa sai da yardar ƙanenki a fili, bayan shekaru.

Kowace kika ɗauka, akwai tambayar da mai karatu Bahaushe zai yi miki tun shafin farko: ina matan gidan? A wajenmu jariri ba ya zama a hannun namiji haka kawai, balle yaro. Kaka za ta karɓe, ko gwaggo, ko inna. A mazhabar Malikiyya ma haƙƙin reno na uwa ne, sai kakar wajen uwa, sai 'yar'uwar uwa, sai kakar wajen uba, kafin a zo kan uba. Namiji ana riƙe shi har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin miji. Dole ki ba da dalili mai ƙarfi a kan kowace daga cikin matan nan, wadda ta rasu, wadda ke nesa, wadda mijinta ya ce ba a gidansa ba, wadda ta yi fushi. A nan rabin rikicin littafinki yake. Ki ƙara da kunyar ɗan fari: al'ada ta hana uba ya kira sunan ɗansa na fari ko ya ɗauke shi a gaban manya, ga shi kuma babu mai ɗauka sai shi. Ki rubuta shi ya rufe ƙofa yana koyon goyo, ya sunkuya, zani na zamewa, ya rasa yadda ake ɗaure majanyi ba tare da ya matse cikin yaron ba, sai ya ji sallamar abokinsa a zaure. Babi guda ke nan, babu wa'azi ko layi ɗaya.

Idan wata rana kin koma ga jigon haihuwa ba aure, ki san hukuncin kafin ki rubuta. A wajen mafi yawan malamai, har da Malikiyya, ɗan yana bin uwarsa ne a nasaba, ba ya gadon wanda ya yi cikinsa, ko da yake ana iya yi masa kyauta ko wasiyyar da ba ta wuce sulusi ba. Wasu malamai kaɗan, ciki har da Ibn Taimiyya, sun halatta a jingina masa shi idan matar ba ta da aure kuma ya amsa nasa ne. Ki zauna da malamin fiƙihu ya warware miki. Haka batun shayarwa: idan wata maƙwabciya ta ba jaririn nono a cikin shekara biyun farko, a Malikiyya ko kaɗan ne ya isa cikinsa, ya zama ɗanta, 'ya'yanta sun zama 'yan'uwansa, babu aure a tsakani. Marubuta da yawa sukan sa wannan a babi na uku su manta, su zo su ƙulla soyayya a babi na talatin.

Abin da zai sa a yarda da littafin shi ne lissafin reno ya fito daidai. Jariri ɗan wata uku mai nauyin kilo 6 yana shan kusan mililita 900 na madara a yini. A yawancin madarar jarirai, cokalin cikin gwangwani ɗaya a shafe ake zubawa a ruwa mililita 30, ruwan da aka tafasa aka bari bai wuce minti 30 ba, a fara zuba ruwan kafin garin, a huce kafin a ba shi. Wadda aka haɗa ta yi awa biyu a ajiye zubarwa ake yi. Da wannan lissafi gwangwani mai giram 400 kwana uku yake yi, wato kusan gwangwani goma a wata. Ki je kanti ki tambayi farashin na yau, ki ninka goma, ki ajiye kusa da abin da yaron shago ke samu. Daga nan za ki ga kuskuren da tauraronki zai yi ba tare da kin ƙirƙira ba: zai ƙara ruwa don gwangwani ya kai mako, yaro ya daina ƙara nauyi, ranar awo ma'aikaciyar asibiti ta duba kati ta dube shi. Ko wata tsohuwa ta ce a fara ba shi koko tun bai kai wata shida ba. Ko a bar fida ba a tafasa ba, gudawa ta kama shi, ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, fitsari ya ragu. A nan wasu za su ce a shafa magani a maɗiga, alhali ruwan jikinsa ne ya ƙare. Abin da ya dace shi ne ruwan gishiri da sukari na leda, a narka a yawan ruwan da aka rubuta a jikin ledar, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da ba shi madara, a kuma garzaya asibiti. Matasa ne za su karanta, wasunsu suna reno da gaske, don haka abin da ya ceci yaron a littafinki ya zama abin da ke ceto a zahiri.

Katin rigakafi kuma zai iya zame miki kalandar labarin. Ana yin ta tarin fuka da ɗigon shan inna da ta ciwon hanta a haihuwa, sai a koma a mako 6, da 10, da 14, sai ta ƙyanda da ta zazzaɓin shawara a wata 9. Kowace ranar allura tauraronki zai tsinci kansa shi kaɗai namiji a kan bencin mata a asibitin sha-ka-tafi, ana kallonsa ana tambayar ina uwar. Ki ɗauki shekara ɗaya kawai ta rayuwarsu, daga isowar jaririn zuwa ranar da ya fara tatata, ta ishe ki littafi.

Ki bar yaron ya yi magana irin ta ɗan shekara 17, mai son ƙwallo, mai jin haushin ganin sa'o'insa da kayan makaranta, wanda wata rana zai ji kamar ya ajiye jaririn ya gudu. Idan kika mayar da shi waliyyi, matasa ba za su ga kansu a cikinsa ba. Uwar yaron, in tana raye a labarin, ki ba ta babi biyu ko uku da muryarta, kada ta zama muguwar da ta yar da ɗa ta tafi. Babi kada ya wuce kalma 1,200 zuwa 1,500, tunda a waya ake karatu. Ki kuma guji alhajin da zai ɓullo a ƙarshe da mota da kujerar karatu a Turai. Nasarar da ta dace da irin wannan yaro ƙarama ce: ya zana jarrabawa, ya biya kuɗin haya, yaron ya rayu. Wannan karon ki gama littafin duka kafin ki saki ko babi ɗaya, ki ba mutum uku su karanta: ma'aikaciyar jinya, malamin fiƙihu, da wani da ya san gidanku, wanda aikinsa kawai ya gaya miki ko ya hango ƙanenki a ciki. Duk inda ya hango, ki cire.

Shi kuma ƙanen naki, tunda tausayinsa ne ya sa ki ɗauki alƙalami, akwai abin da zai fi littafi amfani gare shi. Shekararsa 19, karatu bai wuce shi ba. WAEC da NECO duk suna da jarrabawar masu zaman kansu, ba sai ya koma aji ba. Idan ya huce, ki tambaye shi ko yana so, ki taimaka da kuɗin rajista daga abin da kike samu a wasu littattafan, ki karɓi yarinyar dare uku a mako ya samu ya yi bita. Ki duba katinta ko an yi mata allurar ƙyanda ta biyu, wadda ake yi a wata 15, in an tsallake a kai ta a cike. Idan kuma ba ta da takardar haihuwa, a je ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa na ƙaramar hukumarku a yi mata tun kafin lokacin shiga makaranta, bayan manyan gida sun zauna da malami sun daidaita sunan da za a rubuta. Allah Ya daidaita tsakaninku, Ya raya ta.